Ranar da Wayar Kawu Ta Yi Shiru

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya cika da hantsi a gidansa na Talata Mafara, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Kwana uku gidan bai rabu da mutane ba. Na Bakura sun zo, na Maradun ma sun zo duk da halin da hanya take ciki. Tsofaffin abokan aikinsa na ɗakin kati a asibiti sun cika zaure, ana ta addu'a ana shafawa. Mu mata muna tsakar gida a kan tabarmi, Inna matarsa tana cikin ɗaki bayan labule da carbinta. A rana ta biyu wata mota ta sauke matan Damri, sun kai goma, kowace da ɗan ƙullinta na gero ko busasshiyar kuɓewa. Babbarsu wata dattijuwa ce da mijinta ya daɗe da rasuwa, wadda Kawu yake kira Gwaggon Damri. Ta durƙusa a bakin ƙofar Inna, aka yi gaisuwa mai tsawo, ina kwana, ina gajiya, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri. Da ta gama sai ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Bana sunayenmu ba su fito ba. Mun ce in Malam ya samu sauƙi zai zo, yadda ya saba. To ga shi mu munka zo."

A rana ta uku shugaban ƙungiyar masu noman rani, wadda Kawu yake wa sakatare, ya shigo gaida Inna. Ya tsaya a bakin ƙofa da babbar rigarsa, ya yi addu'a mai kyau, ba zan hana shi wannan ba. Sannan ya gyara murya yadda duk tsakar gidan za ta ji, ya ce, "Allah shi jiƙan Malam. Mutumin kirki ne, ba mai musu. Sai dai tsufa ba ya ƙyale kowa. Jerin sunayen bana ya rikice a hannunshi, mata da yawa sun faɗi. Amma mun yafe mishi, duniya da lahira."

Mun yafe masa. Haka ya ce.

Ni mace ce da ba ta iya ɗaga murya ba. 'Ya'yana sun sani, idan raina ya ɓaci sai dai in yi shiru in ɗauki tsintsiya. Ranar ma tsintsiyar na ɗauka, na share wurin da na riga na share. Kafin kasuwar Talata ta ci maganar ta zagaya gari, har wata maƙwabciya ta ce mini, "Ashe dattijon naku ya rikice kafin ya tafi." Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tsare sunayen mutane kada su ɓace, shi za a tuna da cewa ya zubar da su. Saboda wannan nake rubutun nan, da ɗan karatun da shi ya kai ni na koya.

Ina da 'ya'ya biyu lokacin da Kawu ya zo gidanmu ya ce wa maigidana, "Ɗiyata za ta shiga ajin yaƙi da jahilci." Bai ce ko za ka bari ba. Ya ajiye littafi da fensir a kan tabarma, ya sha ruwa, ya tafi. Duk Juma'a yana duba abin da na rubuta. Wata rana na cika shafi da kurakurai, kunya ta kama ni, na yage shafin na cusa a murhu. Da ya zo bai fara karatu ba, sai ya kama ƙirga shafuka da yatsa.

"Ina na nan wurin?"

"Ya ɓaci, Kawu."

"Wa ya ɓata shi?"

"Ni."

"To yanzu ta ina zan san inda kike tuntuɓe? Ki bar yaga. Ki ja layi ɗaya a kai, ki bar shi a gani, ki rubuta daidai a ƙasa."

Haka yake a komai. Ba ya goge rubutu, ba ya shafe shi da baƙin biro. Abokan aikinsa sun ba da labari a zaure cewa idan katin mara lafiya ya ɓace, ba ya yanka sabo sai ya rubuta ranar da tsohon ya ɓace da wanda ya riƙe shi a ƙarshe. Sun ce a lokacin suna jin haushinsa. Ba ya ce wa abu kuskure, tuntuɓe yake cewa. Yana shan shayinsa ba sukari, kuma in yana tunani sai ya tura hularsa baya ya dafa goshi.

Bayan ya ajiye aikin asibiti ƙungiyar ta ɗauke shi sakatare. Ita ce take raba wa mambobinta irin shinkafa, take kuma tsara layin ruwa, wato wane ne zai sha yau, wane ne gobe. Duk shekara sai an sake rajista. Wanda sunansa bai shiga jeri ba, ba iri, ba ruwa, shekarar ta wuce shi. Da can mutane da ƙafarsu suke zuwa. Da tafiya ta yi wuya, musamman ga mutanen Janbako da ƙauyukan ciki, sai ɗan Kawu na fari, taubashina, wanda yake aikin kwamfuta a birni, ya haɗa musu shafin intanet da za a riƙa rajista ta waya.

Ina gidan ranar da ya zo nuna wa mahaifinsa. Ya buɗe kwamfuta a kan turmi da aka kife, yana ta murmushi.

"Baba, mutum na zaune a Janbako, ya danna nan, ya sa sunanshi da lambar waya, shi ke nan ya shiga."

"In ya ƙi fa?"

"Ba ya ƙi, Baba."

"Ban taɓa ganin abin da ba ya ƙi ba. In ya ƙi, wa zai sani?"

"Yana rubutawa da kanshi. Akwai wuri a ciki da yake ajiye duk abin da ya faru da lokacin da ya faru."

"Wa ke karantawa?"

Taubashina ya sosa ƙeya. "Ni, in na samu lokaci."

"Ashe ba kowa. Ka sa ya riƙa turo mini."

Haka aka yi. Duk lokacin da shafin ya yi tuntuɓe sai saƙo ya shigo wayar Kawu da ƙara. Ranar farko ta rajista wayar ba ta huta ba. Tana kuka yana alwala, tana kuka yana cin tuwo. Inna ta ce, "Malam, ko ka kashe wagga aba, ko in jefa ta a randa." Bai kashe ba. Ya zauna ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, da ɗan Turancinsa na ɗakin kati, sannan ya kira ɗansa.

"Wanda sabis ya yanke mishi ya sake gwadawa ya shiga, da wanda sunanshi ya maƙale bai shiga ba, duk ka sa musu ƙara iri ɗaya. In aka yi mako a haka zan daina dubawa. Ka raba mini su."

Taubashina ya raba. Ƙananan, waɗanda suka gyara kansu, aka tara su suna zuwa sau ɗaya da safe. Idan tuntuɓe ɗaya ya yi ta maimaita kansa, sai ya zo a saƙo guda da adadin sau nawa ya faru. Wanda kuwa sunan mutum ya maƙale a cikinsa, shi kaɗai yake kuka nan take. Kawu bai tsaya nan ba. Ya ga saƙon yana zuwa da lambar katin ɗan ƙasa ta mutane, ya ce a cire. "Wayata kullum sai ta je wurin mai caji. Hannu nawa take bi? Ƙarshen lambar waya ya ishe ni." Ya kuma ce duk wanda ya taɓa wani abu a cikin shafin, ya kunna ko ya kashe, shafin ya rubuta shi da lokacin. Taubashina ya ce ai su uku ne kawai suke da izinin shiga, shi da Baba da shugaba. Kawu ya ce, "Ko ni na taɓa, ya rubuta ni."

Da ya ji cewa rubutun cikin shafin yana gogewa da kansa bayan wata ɗaya don kada wuri ya cika, sai ya sayi babban littafi mai bangon kwali. Ya ja layuka da rula: rana, lokaci, ƙarshen lamba, abin da ya faru, abin da aka yi. Littafin tuntuɓe, haka yake kiransa. Kowace safiya bayan ya dawo masallaci sai ya zauna a gindin darbejiya ya kwafe. Layin ƙarshe, na abin da aka yi, ba ya barinsa fari. In bai yi komai ba tukuna sai ya naɗe kunnen shafin, kuma ba ya warware shi sai ya cike.

A cikin littafin nan ne ya gano matan Damri. Wata ranar kasuwarsu ya ga lamba ɗaya ta yi tuntuɓe sau da yawa a jere, duk da hantsi. Taubashina ya ce wataƙila wani ne yake wasa da waya. Kawu ya tura hula baya, ya ce mai wasa ba ya sa suna daban kowane lokaci. Ya ga duk Damri suka rubuta a matsayin garinsu, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Abin da ya tarar shi ne, a unguwar su Gwaggo waya ɗaya ce mai shiga intanet, ta wata mai ɗinki. Matan suka taru a ɗakinta, ta yi wa kowa rajista da lambarta. Shi kuma shafin an gina shi a kan lamba ɗaya, mutum ɗaya. Ya karɓi ta farko ya watsar da sauran, amma kowace ya nuna mata alamar kore cewa an karɓa. Suka koma gida da murna.

Ban taɓa ganin Kawu ya yi wa ɗansa faɗa irin na ranar ba.

"Shafinka ya yi ma mata ƙarya."

"Baba, ba ƙarya ba ce, ai kowa da wayarshi ake sa rai."

"A ina? Nan ka girma. Gida ɗaya waya ɗaya, wani wurin unguwa ɗaya. Uwarka da lambar wa take kira?"

Taubashina ya so ya buɗe, kowace lamba ta ɗauki suna ko nawa. Shugaba ya ƙi, ya ce wani zai zauna ya jera sunayen ƙarya ya kwashe iri. Kawu ya ce wannan ma gaskiya ce. Sai aka tsaya a tsakiya: suna na biyu a kan lamba ɗaya ba za a watsar da shi ba, za a ajiye shi gefe, saƙo mai kuka ya tafi wayar Kawu, shi kuma ya bincika ya tabbatar mutum ne na gaske mai gona, sannan ya danna ya shigar da shi. Ke nan duk macen da ba ta da wayar kanta, shigarta jeri ta dogara ne da kukan wayar Kawu.

Shekara uku yana wannan. Inda hanya ta ba da dama ya je da babur, inda ba ta ba da ba ya kira mai unguwa ko liman. Gwaggo ta gaya mana ba ya taɓa ce musu kun yi kuskure. In ya sauka sai ya gaisa da kowa, ya nemi ruwa, ya ce, "Mu munka yi tuntuɓe da sunanku, na zo ɗauka."

Ciwon ya kwantar da shi ana gab da buɗe rajistar bana. Ni nake zuwa kullum in taya Inna. Da hannunsa ya fara rawa, na zama hannunsa. Wayar ta yi kuka, in karanta masa, ya faɗa, in rubuta. Tunda ba zai iya fita ba, taubashina ya ƙara wayar shugaba a cikin masu samun saƙo, don a samu mai bincike. Mako na farko haka muka yi.

Sai wata safiya wayar ba ta yi kuka ba. Har saƙon safe na ƙananan bai zo ba. Kawu ya sa na duba caji, na duba data, duk lafiya. Ya ce in rubuta. Na ce me zan rubuta, ai ba abin da ya faru. Ya ce, "Rubuta: yau ba saƙo."

Washegari ma haka. Inna ta ce alhamdulillahi, abin ya gyaru, Malam zai samu barci. A rana ta uku ya sa na kira masa shugaba. Na riƙe masa wayar a kunne.

"Alhaji, kwana uku ba saƙo, kuma rajista ake. Wanga shiru ba na lafiya ba ne."

Ina jin muryar shugaba daga inda nake. "Malam, ka huta. Komai na tafiya daidai. Ka ji da jikinka."

Ya sa na kira taubashina. Shi ma ya ce ya duba, shafi yana buɗewa, mutane suna shiga, Baba ya kwantar da hankalinsa. Kawu ya rufe ido. Sannan ya ce in rubuta duka biyun a layin abin da aka yi, in naɗe kunnen shafin.

A nan dole in ja layi a kan kaina. Ni ma na ce masa, "Kawu, ka huta mana." Ina ganin tausayi nake yi. Kowace safiya yana tambayata ko ta yi kuka, ina cewa a'a, yana cewa rubuta, ina rubutawa kamar mai lallashin yaro. Daga baya magana ta yi masa nauyi, sai dai ya dubi wayar ya dube ni. Kusan mako uku aka yi a haka. Aka fitar da jeri, aka manna a ofishin ƙungiya, babu sunan duk macen da ta ari wayar wani. Bayan 'yan kwanaki Kawu ya rasu.

Don haka da shugaba ya tsaya a ƙofar Inna yana yafewa, na san abin da ke cikin littafi, da hannuna na rubuta. Abin da ban sani ba shi ne dalilin shirun.

Da safiyar ranar bakwai na tarar da taubashina zaune a gindin darbejiyar, a wurin mahaifinsa, ya zuba tagumi. Tun muna yara yake ce mini baiwarsa, tunda shi ɗan namiji ne ni 'yar mace. Ya ɗago ya ce, "Baiwa, ba a kawo ma ubangida ruwa?"

Na ce, "Ubangidan da ya bari ana zagin ubanshi a kasuwa, ya ɗebo da kanshi."

Ban taɓa gaya masa magana mai nauyi haka ba. Na ajiye masa littafin a cinya, na buɗe wurin da aka naɗe. Ya karanta yau ba saƙo, yau ba saƙo, har ƙasa, ya juya shafi. Na ce, "Kawu ya taɓa sa ka ka yi abin da zai rubuta duk wanda ya taɓa shafin. Yana nan?"

Ya tashi ya ɗauko kwamfuta. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo mini da allon ya sa yatsa a kan layi ɗaya. Ya fassara mini: a rana kaza, bayan azahar, an kashe duk saƙonnin gargaɗi, kuma da izinin shugaba aka shiga. Ranar ita ce jajibirin yau ba saƙo na farko a littafina. Ya ƙirga da yatsu, ya ce saura kwana biyu layin ya cika wata ya goge. Da mun bari sai sadakar arba'in, da babu abin da za mu nuna.

Ya rufe fuska da hannu. "Ya kira ni. Na duba shafi na buɗewa, na ce mishi lafiya lau. Ban duba ƙararrawar ba. Minti ɗaya ne, ban duba ba."

Na kawo masa ruwan.

Kafin a zauna addu'ar bakwai na shiga na gaya wa Inna abin da muka gani. Bayan addu'ar shugaba ya sake shigowa gaida ta. Tsakar gida cike take, har Gwaggo ta dawo da mata biyu. Inna, wadda tun rasuwar ba ta yi magana mai tsawo da kowa ba, ta amsa gaisuwarsa daga bayan labule, sannan ta ce, "Alhaji, ranar nan ka ce ka yafe ma Malam. Mi ka yafe mishi?"

Ya ce, "Hajiya, ai abin ya wuce. Ba a tone-tone a kan mamaci."

"Kai ka fara. Ɗiyata, karanta mishi."

Na zauna a gefen ƙofa, na ja mayafi, na buɗe littafin. Muryata ba ta da ƙarfi, sai da mata suka yi tsit kafin a ji ni. Na karanta ranakun ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko ɗaya ba. Na karanta inda aka rubuta an kira shugaba ya ce a huta, da inda aka rubuta an kira ɗa ya ce lafiya lau. Da na gama taubashina ya matso da kwamfuta ya nuna masa layin, ya ce, "Alhaji, nawa laifin yana cikin littafi, kowa ya ji. Wanga kuma naka ne."

Shugaba ya dubi allon. Ya ce, "Abin na kuka har a cikin sahu, mutane na juyowa. Na shiga na kashe. Na ɗauka tawa kaɗai za ta yi shiru."

Na yarda da shi. Wayar tana da damuwa, Inna shaida ce. Kashewar ba ita ta ƙona mini rai ba, kowa yana tuntuɓe. Amma mara lafiya ya kira shi ya ce shirun nan ba na lafiya ba ne, kuma ya san abin da yatsansa ya taɓa, bai koma ya duba ba. Da jeri ya fito mata suka fara kuka, sai ya waiga ya ga wanda ba zai iya tashi ya amsa ba, ya ɗora masa. Har da yafiya a kai.

Gwaggo ta ce daga inda take zaune, "Ashe kai ka yi tuntuɓe da mu, Alhaji. Shi in ya yi, zuwa yake ya ɗauka."

Shugaba ya ce ba komai, yau ɗin nan za a buga sabon jeri, a cire tsohon a yage, magana ta mutu. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Kada a yage. A bar shi a bango. A rubuta sunayen a ƙasa, a rubuta dalilin da ya sa ba su fito ba da farko." Inna ta ƙara da cewa, "Kuma a gaban mutane ka faɗa, a gaban mutane za ka gyara. Zaure cike yake."

Ya fita zaure. Maigidana yana wurin, shi ya kawo mini abin da aka ce. Shugaba ya ce an samu tangarɗa a wajen saƙonni, kuma bincike ya nuna ba daga Malam ba ne. An samu. Bai ce shi ya kashe ba. Taubashina ne ya miƙe ya faɗi nasa da bakinsa, sannan ya karanta layin kamar yadda yake, ba ƙari ba ragi. Ɗaya daga cikin tsofaffin ɗakin kati ya yi dariya har da hawaye, ya ce ko a kabari mutumin nan bai bar kati ya ɓace ba a san mai riƙe da shi ba.

Sunayen matan suna nan a gefe inda shafin ya ajiye su. Waɗanda Kawu ya taɓa tabbatarwa a shekarun baya mun same su a tsofaffin littattafansa, aka shigar da su a ranar. Sababbin sai da aka kira masu unguwa. Amma an riga an raba iri mai kyau, an kuma tsara ruwa. Gwaggo ta samu ragowa, layinta na ruwa shi ne na ƙarshe, shinkafarta za ta yi baya da ta kowa a bana. Wannan babu littafin da zai gyara shi, kuma har yanzu in na tuna sai in nemi tsintsiya.

Taubashina ya kunna saƙonnin. Ya gyara yadda mutum ɗaya ba zai iya kashe wa kowa ba, kuma ya sa ko babu tuntuɓe ko ɗaya, saƙo ya zo da safe ya ce ina nan, ba komai. In wannan bai zo ba, to a tashi. Da ya tambayi wayar wa za a sa a madadin ta Kawu, Inna ta ɗauko wayar da littafin ta miƙo mini ta ƙarƙashin labule. Na ce ni da ban iya Turanci ba, ban iya babur ba. Taubashina ya ce zai mayar da saƙon Hausa, kuma baiwa ba ta musu da ubangida.

Shekaranjiya ina tankaɗe ta yi kuka. Wata mata ce daga wajen Jangebe, an ƙara wa'adi saboda abin da ya faru, ta yi rajista da lambar ɗan'uwanta. Na karkaɗe hannu na ɗauko littafin. Na kira mai unguwarsu, na tambaya, na tabbatar, na cike layin ƙarshe. Sannan na koma baya wurin da Kawu ya sa na naɗe. A ƙarƙashin yau ba saƙo na ƙarshe na rubuta wanda ya kashe, da wanda bai duba ba, da ni da na ce ya huta. Na warware kunnen shafin na danne shi da tafin hannu.

Kawu bai rikice ba. Mu ne muka ƙi jin sa. Allah ya yafe masa tuntuɓensa na gaskiya, waɗanda Shi kaɗai ya sani, ya sanyaya makwancinsa, ya ba Inna haƙuri, ya kuma miƙa masa littafinsa a hannun dama.